Idan Bashinka Ya Koma Hannun Wani



Noma a yankin Ikara da Makarfi da Kudan da bashi yake tafiya. Mai tumatir a fadamun Hunkuyi, mai rake a Makarfi, mai masara a nan Ikara, da yawansu kan karɓi taki da iri da maganin feshi a hannun dila, sai an girbe a biya. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, bashin nan da ke littafin dila dukiya ce da ake jinginarwa. Dokar jinginar da kadarori masu motsi, wadda Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a watan Mayun 2017 yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ta ba dila damar ya kai wa banki basussukan da yake bin mutane a matsayin jingina, a shigar a rajistar da ke ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya. In dila ya gaza, bankin da ba ka taɓa taka ƙofarsa ba shi zai zo maka. Manyan 'yan kasuwa sun ɗanɗana irin wannan tun 2010, da aka kafa hukumar AMCON ta riƙa sayen basussukan da suka maƙale wa bankuna.

To, wace hujja ta rage wa manomi? Ƙa'idar da kotunanmu suka gada daga Ingila a fili take: wanda aka miƙa wa bashi ba ya samun fiye da haƙƙin wanda ya miƙa masa. A ce buhu ashirin kuka yi ciniki, dila ya kawo sha biyar, ko takin ya zama gauraye da yashi. Hujjar da za ka kafa wa dila, ita ce za ka kafa wa banki, a rage maka. Sai dai iyakarta ke nan; in asararka ta fi bashin, ragowar dila za ka bi.

Ranar da sanarwar miƙa bashin ta iso maka ita ce kan iyaka, kuma a nan mutanenmu ke cutuwa. Duk abin da ka biya dila kafin ka san an miƙa bashin, ya biyu. Haka in kai ma kana bin sa kuɗin masarar da ya ɗauka tun kafin sanarwar, ana cirewa. Amma in takarda ta zo, ka ce ai da Alhaji ka saba, ka kai masa kuɗin saboda kunya, banki na da ikon sake karɓa a hannunka. Ka nemi shaidar miƙawar tukuna, sannan ka biya sabon mai bi. Ku kuma sani, lalacewar amfanin gona, irin ɓarnar da tsutsar tumatir ta yi a jihar nan a 2016, ba ta sauke bashi sai in an rubuta haka tun farko.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da tsare wanda ake bi. Cikin sharuɗɗan da suka gindaya wa sayar da bashi akwai cewa wanda ake bi yana nan a gari, ya amsa cewa ana bin sa, kuma babu gaba tsakaninsa da mai saye. A ganina wannan ya fi abin da ke cikin takardun yau tausayi.

Abin da ya fi damuna shi ne layin da ake cusawa cikin yarjejeniya da ƙananan haruffan Turanci, wai ka yafe duk wata hujja a kan wanda za a miƙa wa bashin nan gaba. Manomi ya dangwala yatsa, shi ke nan ya ɗaure kansa ya biya kuɗin takin da bai yi aiki ba. A Amurka, tun 1976 hukumar kula da ciniki ta wajabta a rubuta cikin takardar sayen kayan amfanin gida bashi cewa hujjojin mai saye suna bin takardar duk hannun da ta shiga. Manomin Kudan ya cancanci irin wannan kariya, kuma wakilanmu a majalisa za su iya nema mana.

Kafin nan, shugabannin ƙungiyoyin manoma, kada ku bari ɗan ƙungiyarku ya sa hannu sai an karanta masa takardar da Hausa. Duk biyan da aka yi a karɓi rasit mai kwanan wata, buhun da ya zo da matsala kuma a nuna wa shaidu a ranar.