Ƙaramar Motar Noma da Masu Sayar da Ita

Maganar yau a kan ƙaramar motar noma ce, watau tarakta.

A 1938 wani Bature, Harry Ferguson, ya shirya da Henry Ford na Amurka, ba takarda, sai musafaha kawai. Ford na ƙera motar, Ferguson na sayarwa ta hannun dillalansa. Da jikan Ford ya karɓi kamfanin sai ya warware shirin, a 1947 ya fito da tasa motar, ya kafa nasa masu sayarwa. Ferguson ya kai ƙara, sai a 1952 aka sasanta, aka biya shi dala miliyan 9 da dubu 250. Ashe rigimar ba ta ƙira ba ce kaɗai, har da wanda zai riƙe dillalai.

Har yanzu kamfanoni irin su Massey Ferguson da John Deere da Mahindra suna takara, kowa na yabon tasa. Amma motar da ta lalace da faɗuwar ruwa, ta yi mako uku tana jiran ɗan ƙarfe guda, ta sa manomi ya yi hasarar damina, ko wane suna ke jikinta.

Saboda haka in manoman gunduma sun haɗa kuɗi za su saya, lalle hakimi ya tambayi dillali inda ya ke ajiye kayan gyara, da kwana nawa makanikinsa zai yi kafin ya iso ƙauye, da wanda zai koya wa direba. Malami kuwa ya rubuta amsoshin duka, dillali ya sa hannu, a ajiye takardar a ofishin hakimi.