Maɗigar Bakwaini, Tagar da Likita ke Leƙa Ƙwaƙwalwa

Yau maganarmu a kan bakwaini ce, da yadda likita ya ke duba ƙwaƙwalwarsa ba tsaga, ba allura.

Ga abin da ya kawo maganar. Bara ƙanwata ta haihu, ciki wata bakwai. Aka sa yaron cikin kwalba a asibiti. Ran kwana shida mijinta ya ce sai a sallame su, gama gobe suna, an sayi rago, an raba goro. Likita ya ce a dakata, saura hoton kai. Mijin ya zo ya same ni, ya ce, "Yaya, yaro yana numfashi, yana motsi, hoton me kuma?" Ni ma a ran nan ba ni da amsa. Sai na je na tambaya, na kuma karanta. Abin da na samo shi na kawo muku.

Ciki ya kan cika a mako 40. Duk jaririn da ya zo kafin mako 37 bai isa haihuwa ba, ko wata bakwai ne ko takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan jarirai wajen miliyan 13 da dubu 400, watau misalin ɗaya cikin goma. Kun ga ba baƙon abu ba ne.

To, me ya sa a ke tsoron kan bakwaini? A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai 'yan ɗakuna huɗu masu ruwa. A gefen manyan biyun akwai wani wuri cike da ƙananan jijiyoyin jini, sirara ƙwarai, marasa ƙwari. Wurin nan ya kan shuɗe da kansa wajen mako 34 na ciki. Idan yaro ya fito kafin nan, ya fito da jijiyoyin ɗanyu. Numfashi ya yi masa wuya, jini ya hau ya sauka, sai su fashe. Galibi wannan ya kan faru cikin kwana uku na farko. Abin lura kuwa, sau da yawa babu alama. Uwa ba ta gani, ungozoma ba ta gani, har likita da idonsa ba ya gani.

Yaya za a gani ke nan? Kowa ya san amsa kuwwa. In ka yi kira bakin rijiya, muryarka ta kan dawo maka. Jemage ma da haka ya ke tafiya cikin duhu, ba ya karo da bango. Na'urar nan ita ma sauti ta ke aikawa, amma siririn da kunne ba ya ji. Kunnen mutum ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, ita kuwa tata miliyoyi ce. Sautin ya shiga jiki, ya bugi abu, ya dawo, na'ura ta mai da shi hoto a gilashi. Ita ce wadda a ke duba mata masu ciki da ita. Wani likita, Ian Donald, na birnin Gilasgo, shi da abokan aikinsa suka bayyana amfaninta a 1958. A 1979 kuma likita Karen Pape da 'yan'uwanta a Landan suka nuna tana gano raunin ƙwaƙwalwar bakwaini.

Sai dai sauti ba ya ratsa ƙashi sosai. Nan ne maɗiga ta yi rana. Ƙasusuwan kan jariri ba su haɗe ba tukuna, sai ya yi kamar shekara ɗaya da rabi. Saboda haka maɗiga taga ce. Likita ya shafa ɗan mai a kanta, ya ɗora kan na'urar a hankali. Ruwa ya kan fito baƙi, sabon jini kuwa fari fat. Ba zafi, ba a sa yaro barci, ba a ma fid da shi daga kwalba.

A 1978 wata likita a Amurka, Lu-Ann Papile, ta kasa wannan zubar jini mataki huɗu. Na ɗaya, jinin ya tsaya inda ya fito. Na biyu, ya shiga ɗakin ruwa amma bai kumbura shi ba. Na uku, ya shiga har ɗakin ya buɗe. Na huɗu, ya taɓa naman ƙwaƙwalwa. Yawancin masu na ɗaya da na biyu su kan tashi lafiya. Na uku da na huɗu su ne masu haɗari. Jini ya kan toshe hanyar ruwa, kai ya yi ta girma, ko yaro ya tashi da taurin gaɓoɓi ko wuyar koyo.

Hoto ɗaya ba ya isa. Ga wanda ya zo kafin mako 30, a kan duba tsakanin kwana 7 da 14, sa'an nan a sake sa'ad da lokacin haihuwarsa na gaskiya ya kusa. Dalili kuwa, akwai raunin da rashin isasshen jini ke kawowa, shi ba ya bayyana sai bayan makonni.

Kada ku ce hoto magani ne. A'a, fitila ce. Ba ya kuma ganin kome da kome. Amma in ya nuna ruwa yana taruwa, sai a riƙa auna kai da tef, in ta kama a zuƙe ruwan, ko a sa siririn bututu ya riƙa janye shi, tun ɓarna ba ta yi nisa ba.

Yanzu ga namu aikin. Na farko, mace ta riƙa zuwa awo. Na biyu, in naƙuda ta taso kafin lokaci, a tafi asibiti nan da nan, domin akwai allurar da a ke yi wa uwa wadda ke ƙarfafa huhun yaro, ta kuma rage zubar jinin nan. Na uku, a riƙa ɗora bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata, don ɗumi. Na huɗu, kada a shafa wa maɗiga kome. In ta faɗa, sau da yawa ruwan jiki ne ya yi kaɗan. In ta kumbura ta yi tauri, ko kai yana girma da sauri, ko yaro yana jijjiga, asibiti za a nufa, ba a kwana.

Ɗan ƙanwata fa? Aka raɗa suna a gida, aka yanka rago, shi yana asibiti. Hoto ya nuna mataki na biyu. Aka yi ta auna kansa, aka sake hoto, ruwa bai taru ba. Yanzu yana zama da kansa, har yanzu kuma ana kai shi awo.

Don haka, in likita ya ce saura hoton kai, maigida, ka yi haƙuri. Ka duba ranar da aka rubuta a katin, ka mai da yaro a kan lokaci. Wanda bai gane ba ya yi tambaya yanzu. Sauran ku kai wannan magana gida. Allah ya raya mana su.