DAREN TANJUNG LESUNG: MAKAƊA, IGIYAR TEKU DA LADABIN MAGANA A KAN MAMACI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, laccarmu ta yau a kan wani al'amari take wanda ya auku a ƙasar Indonesiya, ƙasar da ta fi kusan kowace ƙasa yawan Musulmi a duniya. Da yawa daga cikinku sun ga hotonsa a waya, kuma sun ji irin maganganun da ake ɗora masa. To, kafin mu yi hukunci, wajibi ne mu san abin da ya faru, domin malamanmu sun koyar da mu cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimci surarsa.

A daren Asabar, 22 ga Disamba, 2018, kamfanin wutar lantarki na gwamnatin ƙasar, wanda ake kira PLN, ya shirya wa ma'aikatansa da iyalansu liyafar ƙarshen shekara a bakin teku, a wani wurin shaƙatawa mai suna Tanjung Lesung, a lardin Banten na tsibirin Java. Aka ɗauko wata ƙungiyar makaɗa mai suna Seventeen, wadda aka kafa a birnin Yogyakarta a 1999. An kafa dandamalin dab da ruwa, makaɗan sun ba teku baya. Wajen ƙarfe tara da rabi na dare, ba su daɗe da farawa ba, sai igiyar ruwa ta ɓullo ta bayan dandamalin, ta tumɓuke shi, ta watsa shi a kan jama'a. Makaɗa uku suka rasu, tare da mai kula da tafiye-tafiyensu da ma'aikatan kamfanin masu yawa. Mawaƙinsu, Riefian Fajarsyah, shi ne ya tsira, amma matarsa ba ta tsira ba. Sai bayan kwana biyu aka sami gawarta.

Daga ina wannan ruwa ya fito? A mashigin Sunda, tsakanin Java da Sumatra, akwai dutse mai aman wuta da ake kira Anak Krakatau, wato ɗan Krakatau. Ya ɓullo ne daga cikin teku a 1927, a gurbin tsohon dutsen da ya fashe a 1883 ya halaka mutum fiye da 36,000. Tun daga watan Yuni na 2018 yake ta aman wuta. A wannan dare sai gefensa guda ya zaftare cikin teku, ya tunkuɗa ruwa da ƙarfi, cikin kimanin rabin sa'a igiyar ta isa gaɓa. Dutsen da tsawonsa ya kai mita 338, da aka sake auna shi bai wuce mita 110 ba. Mutum fiye da 400 suka rasu a lardunan Banten da Lampung, dubbai suka jikkata.

Darasi na farko shi ne tsare harshe. An sami waɗanda suka riƙa yaɗa hoton nan suna cewa ga azabar Allah ta sauka a kan makaɗa. Matsayinmu a kan kayan kiɗa sananne ne, shi ne abin da jamhurin malaman mazhabobi huɗu suka tafi a kai na hani, ko da yake Ibn Hazm ya saɓa musu. Amma hukuncin aiki daban, makomar wani mutum ayyananne daban. Na farkon ana saninsa ta hanyar dalili; na biyun kuwa gaibu ne, babu mai saninsa sai Allah. Sa'an nan ku duba, igiyar ba ta tsaya a kan dandamali ba. Ta ci masunta, ta ci mata da yara a cikin gidajensu, ta ci ƙauyukan da ko ƙarar gangar ba su ji ba. Mai cewa azaba ce saboda kiɗa, me zai ce game da waɗannan?

Ku tuna annobar Amwas a ƙasar Sham, a shekara ta 18 bayan Hijira. Ta ɗauke Abu Ubaida ɗan Jarrah da Mu'azu ɗan Jabal (R.A.), kuma babu Musulmin da zai ce fushi aka yi da su. Haka nan ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim, daga Abu Huraira (R.A.), cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya lissafa wanda ruwa ya ci da wanda gini ya danne a cikin shahidai. Saboda haka abin da ya wajaba a kanmu game da Musulmin da ya rasu shi ne addu'a, mu ji masa tsoron zunubinsa, mu yi masa fatan rahama, mu bar hisabi ga Mai hisabi.

Darasi na biyu shi ne riƙo da sababi. Babu gargaɗin tsunami da ya isa wurin liyafar nan. Dalili kuwa shi ne tsarin gargaɗin ƙasar an gina shi ne a kan girgizar ƙasa, wannan kuwa zaftarewar dutse ce. Bugu da ƙari, hukumar kula da bala'o'i ta ƙasar ta bayyana cewa na'urorin da aka girka a kan teku don gano igiya sun daina aiki tun 2012, saboda ɓarna da rashin kuɗin gyara. Wannan a ƙasar da ta ga bala'in Aceh a 2004, kuma ta binne dubbai a Palu wata uku kacal kafin wannan dare.

A nan ne wasu sukan ce ai ƙaddara ce. Gaskiya ne, babu abin da ke aukuwa sai da ƙaddarar Allah. Amma Sayyidina Umar (R.A.), da ya kai Sarg ya ji labarin annoba a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa zuwa Madina, kuma ya nuna wa Abu Ubaida cewa kauce wa cuta shi ma yana cikin ƙaddara. Imani da ƙaddara yana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, amma ba ya wanke wanda aka ba amana ya yi sakaci. Duk wanda ya tara mutane, ko walima ce, ko wa'azi, ko musabaƙa, rayukansu amana ne a wuyansa. Ya duba inda ya kafa rumfa, ya duba ƙofofin fita, ya duba wayar lantarki, ya duba motar da za ta mai da mutane gida. Mu da muke shirya wa'azin ƙasa mu ne farkon waɗanda wannan magana ta hau kansu.

Darasi na uku ya shafi kowa a kan kansa. Waɗanda suka zauna a kujerun nan sun ci abincin dare, suna da shirin gobe, babu wanda ya san saura masa minti kaɗan. Mai hankali idan ya ga irin wannan hoto, kansa yake tuhuma: a wane hali nake so mutuwa ta same ni? Bashin wa ke kaina? Wa na zalunta ban nemi gafararsa ba? Wace salla nake jinkirtawa? Wanda ya fita daga wannan majalisi ya biya haƙƙi ɗaya da ke wuyansa, ya fi wanda ya tura hoton ga mutum ɗari amfana da shi.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan Musulmin da suka rasu a wannan dare, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya shiryar da mu da matasanmu, Ya sa mu cika da kyau da imani.