ƊAN TALAKA DA JIRGIN SAMA: JAWABIN DA AKA YI WA 'YAN KASUWA A TIGA

 Iyayenmu da 'yan'uwanmu na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, mun gode da kuka bar rumfunanku kuka zo. Yau maganar jirgin sama za mu yi. Kada wani ya ce ina ruwan mai sayar da barkono da jirgi. Ku saurara tukuna.

Cikin watan Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Su ne jiragen da suka fara sauka a Nijeriya. Wajen shekara ɗari ke nan, amma har yau rabon talaka da jirgi shi ne ya ɗaga kai ya kalle shi yana wucewa.

To, ba don 'ya'yanmu ba su da kai ba ne. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, mai shekara 24, ya tattara tarkacen motoci da babura, ya sa injin Honda Civic da kujerun Toyota, cikin wata takwas ya haɗa jirgi mai saukar ungulu. Ya tashi da shi, amma bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba, kuma ba shi da na'urorin auna tsawo da ƙarfin iska. Abin da yaron nan ya rasa ba hazaƙa ba ce. Ɗakin gwaji ya rasa, da kayan awo, da malamin da zai tsaya a kansa.

Ku duba inda aka sami waɗannan abubuwa uku. A Kaduna, makarantar fasaha ta sojan sama ta sa ɗalibanta su zana, su yanka, su ɗaura, su gwada, in ya faɗo su sake. Daga wannan aiki aka fito da jirgi maras matuƙi mai suna Gulma a 2013, sa'an nan Tsaigumi a 2018. A Zariya kuwa tun 1964 akwai makarantar koyon tuƙin jirgi da gyaransa. Daga nan zuwa can ba tafiyar kwana ba ce. Amma yaran ƙauyukanmu nawa suka taɓa leƙa ƙofarta?

Ku kun fi kowa sanin wannan hanyar koyo. Wane maƙeri ne ya iya ƙira daga allo? Wane bakanike ne a Kwanar Ɗangora ya iya kwance inji bai sha baƙin mai ba? Ilmin jirgi ma haka yake, sai dai shi ana haɗa shi da lissafi, gama kuskure a sama ba ya jiran gyara.

Amfaninsa kuwa a ƙofar gidanmu yake. Dam ɗin nan na Tiga, wanda aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo, shi ke shayar da gonakin Kadawa da Kura. In jan-baki ya sauka wa shinkafa, yara ake turawa da gwangwani su wuni suna ihu, makaranta ta wuce su. Ƙaramin jirgi maras matuƙi yana iya gano inda tsuntsayen ke kwana, ya duba inda hanyar ruwa ta fashe, ya leƙa dajin Falgore inda mutum ke tsoron shiga. In ba 'ya'yanmu suka iya haɗa shi da gyara shi ba, kullum sai mu saya da tsada, ran da ya lalace a jefar.

Saboda haka abu uku muke nema. Na ɗaya, hukuma ta sa ɗakin aikin hannu mai kayan aiki na gaske a makarantun sakandaren ƙasar nan, ba allo da alli kaɗai ba. Na biyu, kuɗin taimakon karatu na zuwa Zariya da Kaduna a ba da shi bisa jarrabawa a fili, ba bisa ɗan wane ba. Na uku namu ne. Yaron da kuka ga yana ƙera mota da gwangwani da robar silifa, kada ku ce ɓarna yake yi, kada kuma ku cire shi daga aji don tsaron rumfa. Ku kai shi wurin bakanike ran Asabar, ran Litinin ya koma makaranta. Ƙungiyar 'yan kasuwa ma in ta ware ɗan wani abu daga kuɗin mako, ta ɗauki nauyin yaro ɗaya.

Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi waɗannan biyu na farko. Allah ya ba mu sa'a.