Magani Da Guba 'Yan Gida Ɗaya Ne

Wannan shi ne jawabin da wani jami'in lafiya ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci na Maruda, ganin yawancinsu manoma ne.

Bayan sallama, ya ce jijiya tana aika saƙo ga tsoka ta hanyar wani sinadari. Da saƙo ya isa, sai wani sinadarin ya share shi. Akwai magungunan da ke riƙe hannun mai sharar, don saƙo ya daɗe. Na farkonsu daga Nijeriya ya fito. A 1864 aka tace shi daga wani wake na Kalaba.

Ya kawo misali uku. Donepezil yana shiga ƙwaƙwalwa. Ana ba tsofaffi masu ciwon mantuwa sau ɗaya a rana. Yana sassauta ciwon, amma ba ya warkar da shi. Pyridostigmine ba ya shiga ƙwaƙwalwa sosai. Na masu ciwon raunin tsoka ne, kuma ana sha sau da yawa a rana. Neostigmine allura ce, ana yi wa mutum bayan tiyata don ƙarfin tsokarsa ya dawo.

Daga nan ya ɗaga kwalbar fiya-fiya. Ya ce ita da Sniper da wasu magungunan feshin gona aikinsu ɗaya da waɗancan ukun. Bambancin shi ne, na asibiti likita ke auna shi, kuma yakan saki mai sharar. Na ƙwari kuwa idan ya kama ba ya saki da wuri. Saƙo ya yi ta taruwa har numfashi ya tsaya.

Ya ce alamun guba su ne dalalar miyau, gumi, hawaye, amai, gudawa da ƙanƙancewar ƙwayar ido. In an ga haka, a tuɓe wa mutum tufafinsa, a wanke shi da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko nono. Kada a sa shi amai. A garzaya da shi asibiti a Gwandu ko Kalgo ko Birnin Kebbi, tare da kwalbar. Akwai makari, sunansa atropine.

A ƙarshe ya roƙi jama'a su daina zuba fiya-fiya a wake. Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya juya wa iska baya. Duk wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa abin da ke jikin kwalba.