Ƙashin Yaro Ba Ya Jiran Albashi



A shekarun da na yi ina riƙe da aji ɗaya, da wuya shekara ta wuce ban karɓi yaron da ƙafafunsa suka lanƙwashe ba, wani kamar baka, wani gwame. Idan aka tashi tara, shi ne mai zama a gindin bishiya yana kallon 'yan'uwansa suna guje-guje. Iyaye kan ce gado ne. Sau da yawa kuwa ƙashi ne bai sami abin da zai yi ƙwari da shi ba.

Sinadarin kalsiyam shi ne tubalin ƙashi, bitamin D kuma shi ke taimaka wa hanji ya tsotse shi daga abinci. Fatarmu kan samar da wannan bitamin idan rana ta taɓa ta, shi ya sa ƙarancinsa kan addabi ƙasashen sanyi irin su Ingila. Mu rana ba ta yi mana rowa ba. Wani bincike da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa yaran da ke da wannan larura sun fi samun sauƙi da aka ba su kalsiyam fiye da waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Abin da suke samu a abinci bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba, alhali likitoci na ɗaukar ƙasa da 300 a matsayin ƙaranci. Koko da safe, tuwon masara da dare: ciki ya cika, ƙashi yana jin yunwa.

Na san halin aljihunmu, ba zan ce a sayi madarar gwangwani ba. Kofi ɗaya na kindirmo, wanda ba a tsinka da ruwa ba, yana ɗauke da kusan miligiram 300. Ƙananan busassun kifi a daka su har ƙashinsu a zuba a miya. Ga kuka, ga zogale, ga riɗi, ga kunun tamba da muka yasar. Jaririn da ake ƙunshewa a ɗaka kuma, a riƙa fito da shi ya sha hantsi.

Malamin da ya ga yaro da kumburarren wuyan hannu, ko yana tafiya yana rangaji, ya kira mahaifinsa gefe, ba a gaban aji ba, ya ce masa a kai shi asibiti tun ƙashin bai gama ƙosawa ba.