BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

*Jawabi ga yaran aji biyu na babbar sakandare da iyayensu, a Rijiyar Zaki, ƙasar Ungogo*



Maganar da ta kawo mu guda ɗaya ce. Kowa a nan ya san Jami'ar Bayero. In ka miƙe hanyar Gwarzo daga nan, ba ka yi wata tafiya ba sai ga ƙofar sabon mazauninta. Da yawa cikinmu sun yi leburanci a gine-ginenta, waɗansu suna kai ɗalibanta a Adaidaita Sahu, waɗansu suna sayar musu da abinci. To, yaushe namu za su riƙa shiga ƙofan nan da littafi a hannu? Ita kanta jami'ar ba rana ɗaya ta girma ba. A 1960 aka fara ta tana 'yar kwaleji cikin Makarantar Koyon Larabci ta birni, a 1962 ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sai a 1977 ta tsaya da ƙafarta.

A zamanin En'e, in aka zo ɗaukar yara makarantar boko, kakanninmu ɓoye 'ya'yansu su ke yi cikin rumbu. Suna da hujja, domin gona tana ci da gida. Yau fa? Gado ya rarraba gonakin, birni kuma ya taso yana cinye sauran, ana yanka su fuloti-fuloti. Yaron da ba shi da gona, ba shi da sana'a, ba shi da takarda, ina zai sa kansa?

Abin da mu ke so kowa ya tafi da shi gida shi ne wannan: shiga jami'a ba a aji uku a ke shirya ta ba, a aji biyu ne. Yara da yawa masu ƙwaƙwalwa sun zauna a gida shekara guda ko biyu, ba don sun kāsa ba, sai don wata 'yar takarda, ko wata rana da ta wuce ba wanda ya sani. Ga abubuwan, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, jarrabawar share fage. A makarantun gwamnatin Jihar Kano, 'yan aji biyu su ke zama jarrabawan nan da yara ke kira kwalifayin. Da ita gwamnati ta saba zaɓen waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar fita ta NECO. Sharaɗin yakan sāke daga shekara zuwa shekara, saboda haka uba ya taka da kansa ya tambayi shugaban makaranta sharaɗin bana. Yaron da ya yi wasa da ita, ubansa ne zai sayar da hatsi ya biya, in kuwa babu, karatun shekara goma sha biyu ya tsaya nan.

Na biyu, zaɓen darussa. Jami'a tana neman kiredit biyar daga WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu, kuma lalle da Turanci a ciki. Amma ba kowane biyar ba. Mai son likita, sai Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Mai son injiniya, sai Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son lauya, tilas ya ci Adabin Turanci. Yaro yakan kwana da burin zama lauya, sai ranar cike takarda ya tarar makarantarsu ba ta ma koyar da Adabi. Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2025 cewa Lissafi bai zama dole ga mai neman fannin adabi da harsuna ba, amma yana nan dole ga kimiyya da fasaha da fannin zamantakewa. Shawararmu, kada yaro ya saki Lissafi, domin bai san ƙofar da za ta buɗe masa ba. Ku yara, cikin watan nan kowa ya sami malaminsa, ya faɗi abin da ya ke so ya zama, a duba littafin hukumar JAMB a ga ko darussansa sun dace. In akwai gyara, yanzu ne lokacinsa.

Na uku, suna. Wannan shi ya fi kāda 'ya'yan talakawa. Tun 1978 hukumar JAMB ke riƙe da ƙofar shiga jami'a, kuma tun 2021 ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Sunan da ke jikin lamban nan, shi za ta ɗauka. Mu kuwa mun saba, yaro a gida Ɗanlami ne, a firamare an rubuta masa Muhammadu da sunan ubansa, a sakandare an rubuta Mohammed da sunan unguwarsu, ranar haihuwa kuma kowane malami da tasa. A wurin kwamfuta waɗannan mutum uku ne, ba ta kuwa jin rantsuwa, ba ta san mai unguwa ba. Gyaran suna yana cin kuɗi, yana cin lokaci. Saboda haka tun bana a tara takardar haihuwa, da ta firamare, da ta shaidar ƙaramar hukuma, da katin NIN, a shimfiɗa su bisa tabarma, a sa mai karatu ya gwada su baƙi da baƙi. Jerin sunan ya zama ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Ku kuma sani, ƙa'idar da aka tabbatar a 2025 ita ce sai yaro ya cika shekara 16 a ke ɗaukarsa.

Sa'an nan layin waya. Da shi a ke aika saƙo a karɓi lambar rajista, da shi kuma hukumar za ta riƙa neman yaron. Kada a ari layin maƙwabci, kada a yi da na mai shagon kwamfuta. A sami layi guda, a ba uwa ta adana shi kamar yadda ta ke adana 'yan kunnenta, a riƙa sa masa kati don kada a rufe shi.

Na huɗu, ita jarrabawar JAMB. Darasi huɗu ne, Turanci da uku na fannin yaro. Tambaya 180 cikin awa biyu, maki 400. Tun 2015 a kan kwamfuta a ke yin ta, ba a kan takarda ba. Ku duba, yaron da bai taɓa sa hannu a kan kwamfuta ba, a zaunar da shi gabanta, agogo yana gudu! Ko ya san amsa, hannunsa rawa zai yi. A 2025, cikin yara kusan miliyan 2 da su ka zauna, mafi yawansu ba su kai maki 200 ba. A 2025 ɗin an tsai da 150 ya zama mafi ƙanƙantar makin shiga jami'a, amma kada wannan ya rūɗe ku: kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, likita da lauya kuwa suna can sama ƙwarai. Iyaye biyar ko goma su haɗa kuɗi, yaransu su riƙa zuwa shagon kwamfuta ran Asabar suna gwada tambayoyin shekarun baya. Awa guda kowane mako har shekara ta fi kwana uku ana haddar dare.

Na biyar, kuɗi. Bisa al'ada a farkon shekara a ke buɗe rajista, a yi jarrabawa wajen Afrilu ko Mayu. Watau kuɗin yana zuwa ne bayan kaka, sa'ad da an riga an kashe na amfanin gona a biki da sutura. A 2025 kuɗin rajista Naira 7,200 ne, da jarrabawar gwaji 8,700, ban da na mota da na hoto. Ranar da aka kai amfani gida, a ware na karatu tukuna. Iyayenmu mata, ku kun fi mu sanin adashi da kiwon akuya, ku sa wa ɗaya sunan jarrabawa. Wanda ya sami shiga kuma, akwai asusun rancen ɗalibai na Tarayya, NELFUND, da aka buɗe a 2024: ba ruwa a cikinsa, biya kuma sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Bashi ne, ba kyauta ba, a karanta sharaɗinsa kafin a karɓa.

Na shida, zaɓen makaranta. A jami'o'in Tarayya, ƙa'idar rabon gurbi ita ce kashi 45 cikin ɗari ga masu maki mafi yawa ko daga ina su ke, 35 ga 'yan yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin boko, Kano kuwa tana cikinsu. Ashe ɗan Ungogo da ya sa Bayero ta zama zaɓinsa na farko yana da ƙofa har uku. Wannan hakkinku ne, ba alfarma ba. Amma kada kowa ya ce sai likita. Ga jami'ar kimiyya ta Wudil, ga Northwest a birni, ga kwalejin horon malamai ta Bichi, ga ta aikin gona ta Audu Bako a Ɗambatta, ga makarantun jinya. Wanda makinsa bai kai ba, akwai karatun IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke lura da shi, mai kai yaro aji biyu na jami'a.

In an ba yaro gurbi, ta shafin JAMB da a ke kira CAPS zai gani, tun 2017 haka a ke yi, kuma sai ya shiga ya danna ya karɓa da kansa, in ya yi jinkiri gurbin ya kuɓuce. Duk wanda ya zo muku da kyakkyawar riga ya ce ya san wani babba, ku kawo kaza a sama wa ɗanku gurbi, ɗan damfara ne. Gurbin da bai bi ta nan ba, hukumar ba ta san da shi ba. Haka kuma makarantun nan da a ke rubuta wa yara amsa a allo: takardar za ta yi kyau, amma ranar da ya zauna gaban kwamfuta shi kaɗai ne.

Saura maganar 'ya'yanmu mata. Kullum muna kukan matanmu suna zuwa asibiti ba su samun mace ta duba su. Likita mace ba daga sama za ta faɗo ba, daga ɗakin ɗayanku za ta fito. In maganar aure ta taso wa yarinya tana aji biyu, a sa karatunta cikin sharaɗi tun ranar gaisuwa, gaban waliyyai, kada a bari sai an kai ta ɗaki.

Kada wani uba ya ce shi bai yi boko ba, wannan ba ruwansa. Ba ka bukatar Turanci kafin ka tambayi ɗanka ina takardunsa, ko ka je makaranta sau ɗaya kowane zango, ko ka ɗauke masa talla da ɗiban ruwa awa biyu da yamma ya yi karatu. Manomi ba ya jiran saukar ruwa kafin ya yi sharar gona ya kai taki.

Iyakar abin da ke bakinmu ke nan. Wanda ya ji, ya kai wa maƙwabcinsa da bai zo ba. Allah ya yi wa yaran nan albarka, ya ba su sa'a, ya ba iyaye abin ɗawainiya.